Daga Bodinga zuwa Shagari: Su wa suka zaɓa wa talaka 'yan takarar shugaban ƙasa?

A ranar Laraba, 8 ga Yunin 2022, aka kammala ƙidayar ƙuri'u a Dandalin Eagle da ke Abuja, inda tsohon Gwamnan Jihar Legas, Bola Ahmed Tinubu, ya samu ƙuri'a 1,271 ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar APC. Rotimi Amaechi ne ya zo na biyu da 316, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya samu 235, sai Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan mai 152. Kwana goma sha ɗaya kafin nan, a ranar Asabar 28 ga Mayu, jam'iyyar PDP ta yi nata taron a filin wasa na Moshood Abiola, inda Atiku Abubakar ya samu 371, Gwamnan Ribas Nyesom Wike ya samu 237, Bukola Saraki kuma 70. Da wannan aka rufe kakar zaɓen fid-da-gwani, kwana guda kafin cikar wa'adin da Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ta ƙara wa jam'iyyu.

Ga mutanen ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari a Jihar Sakkwato, wannan kaka ta zo da wani abu na daban. Gwamnansu na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ɗan mazaɓarsu ce ta Sanatan Sakkwato ta Kudu, kuma yana cikin na gaba-gaba a masu neman tikitin PDP har zuwa daren da ya janye. Garin Shagari kuwa shi ne mahaifar mutum na farko da aka zaɓa shugaban ƙasa mai cikakken iko a Najeriya, wanda shi ma ta hanyar janyewar abokan takara ya samu tikitinsa. Saboda haka yankin wuri ne da ya dace a tsaya a duba yadda ake fitar da 'yan takara a ƙasar nan, da kuma nisan da ke tsakanin zauren taron jam'iyya da rumfar zaɓe.

Mutum ɗaya a madadin ƙaramar hukuma

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna Bodinga na da mutum sama da 170,000, Shagari kuma sama da 150,000, kuma babu shakka adadin ya ƙaru tun daga lokacin. Amma a taron PDP, daliget ɗaya tak ya wakilci kowace ƙaramar hukuma. A na APC, uku-uku aka tura, wanda ya sa jimillar daliget ɗin ƙasar baki ɗaya ta kama 2,322 daga ƙananan hukumomi 774. Ma'ana, a manyan jam'iyyun biyu, mutum takwas ne suka yi magana da yawun Bodinga da Shagari wajen tantance sunayen da aka buga a takardar ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairun 2023.

Yadda aka iso nan yana da tarihi. A ƙarshen 2021 Majalisar Tarayya ta aika wa Shugaba Muhammadu Buhari ƙudirin gyaran dokar zaɓe wanda ya wajabta wa jam'iyyu yin zaɓen ƙato-bayan-ƙato, wato duk mai katin jam'iyya ya fito ya zaɓi ɗan takara da kansa. Shugaban ya ƙi sa hannu a watan Disamba, inda ya kafa hujja da tsadar shirya irin wannan zaɓe da matsalar tsaro da kuma 'yancin jam'iyyu na zaɓar hanyar da suke so. Majalisa ta sassauta, ta ba da zaɓi uku: ƙato-bayan-ƙato, ko ta hanyar daliget, ko sasanci. Wannan ce dokar da aka sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022.

Sai dai sashe na 84(8) na dokar ya ce daliget ɗin da aka zaɓa domin wannan aiki kaɗai ne za su kaɗa ƙuri'a. Da haka aka cire waɗanda a da suke zama daliget saboda muƙaminsu, irin su gwamnoni da 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an jam'iyya. A watan Mayu 'yan majalisar suka farga cewa sun rufe wa kansu ƙofa, suka yi gaggawar gyara sashen, amma shugaban ƙasa bai sa hannu ba har aka yi tarukan. Sakamakon shi ne, a Fatakwal a 2018 daliget sama da 3,000 ne suka zaɓi ɗan takarar PDP, a 2022 kuwa ba su kai 800 ba.

Ƙarancin masu zaɓe yana da illa biyu. Ta farko, ikon gwamna ya ƙaru, domin a mafi yawan jihohi shi ke riƙe da ragamar jam'iyya tun daga mazaɓa, kuma da wuya a fitar da daliget ɗin da ba ya so. Ta biyu, farashin kowace ƙuri'a ya tashi. Mohammed Hayatu-Deen ya janye daga takarar PDP ana gab da taron, yana ƙorafin cewa kuɗi sun mamaye al'amarin fiye da kima. An ga jami'an hukumar EFCC a wurin taron, kuma a makwannin ne dala ta haura Naira 600 a kasuwar bayan fage, lamarin da 'yan kasuwa da dama suka danganta da buƙatar 'yan siyasa.

Tun a bakin ƙofa ma an tankaɗe. APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan Naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na lokacin, Naira 30,000 a wata, ko da bai taɓa ko kwabo a ciki ba, sai ya shekara sama da 270 kafin ya tara kuɗin fom ɗin APC, sama da 110 kuma kafin ya tara na PDP. Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Malamin makarantar yau a garinsa ba zai ko tunkari wannan layi ba.

Daren da Tambuwal ya janye

Tambuwal bai shiga takarar 2022 a matsayin ɗan rakiya ba. Ya riƙe kujerar Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya zama gwamna a APC, ya koma PDP a watan Agustan 2018, sannan a watan Oktoban shekarar ya zo na biyu a Fatakwal da ƙuri'a 693, bayan Atiku mai 1,532. A lokacin, Wike ne babban mai mara masa baya. A 2022 ya shiga fili yana shugaban ƙungiyar gwamnonin PDP.

An fara yunƙurin fitar da ɗan takara ɗaya daga Arewa tsakaninsa da Saraki da Gwamnan Bauchi Bala Mohammed da Hayatu-Deen. A watan Afrilu, Farfesa Ango Abdullahi ya sanar da sunayen Saraki da Bala Mohammed a matsayin waɗanda aka tsayar, ɓangaren Tambuwal kuma ya ce bai yarda da wannan matsaya ba. Kowa ya kama gabansa. A daren taron, bayan 'yan takara sun gabatar da jawabansu, Tambuwal ya sake komawa kan dandamali ya sanar da janyewarsa, ya roƙi magoya bayansa su zaɓi Atiku. Tazarar da Atiku ya ba Wike ƙuri'a 134 ce, kuma ba a jayayya cewa daliget ɗin da Tambuwal ya miƙa sun taka muhimmiyar rawa a cikinta. Shugaban jam'iyyar na ƙasa, Iyorchia Ayu, ya bayyana Tambuwal a matsayin gwarzon taron, kalamin da ya ƙara fusata ɓangaren Wike.

A Sakkwato ana iya karanta wannan mataki ta fuska biyu. Masu goyon bayansa na ganin ya yi lissafin da ya dace: da ƙuri'un Arewa sun rarrabu tsakanin mutum huɗu, da Wike ya iya wucewa, kuma wanda ya taimaka aka ci nasara ba a mantawa da shi ranar rabo. Masu suka kuwa na cewa an yi watanni ana zagaya ƙasa da sunan Sakkwato, a lokacin da gabashin jihar ke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, sannan aka miƙa abin da aka tara cikin 'yan mintoci ba tare da an bayyana wa jama'a abin da jihar ta samu a madadinsa ba. Dukkan fuskokin biyu suna da ƙamshin gaskiya. Abin da ya rage a fili shi ne, in akwai wani alƙawari da aka ƙulla a kan tsaro ko noma ko hanya, talakan Bodinga da Shagari bai ji shi ba, kuma abin da ba a faɗa a bainar jama'a ba, ba a iya bin bashinsa.

APC ma ta bi irin wannan hanya. Ranar Litinin 6 ga Yuni shugaban jam'iyyar, Abdullahi Adamu, ya gabatar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar sasanci, amma gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka tsaya a kan cewa mulki ya koma Kudu. A daren taron, 'yan takara da suka haɗa da Godswill Akpabio da Ibikunle Amosun da Kayode Fayemi da Gwamnan Jigawa Muhammad Badaru Abubakar suka janye wa Tinubu ɗaya bayan ɗaya. A jam'iyyun biyu, gwamnoni ne suka yanke hukunci, daliget suka tabbatar.

Abin da ya faru a 1978

Janyewa a zauren taro ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarihin garin Shagari. Bayan gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa a watan Satumban 1978, jam'iyyar NPN ta ware wa Arewa kujerar ɗan takarar shugaban ƙasa. A taron da aka yi a Legas a watan Disamba, mutum shida suka fito: Shehu Shagari, Yusuf Maitama Sule, Adamu Ciroma, Joseph Tarka, Iya Abubakar da Olusola Saraki, mahaifin Bukola. Shagari ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma bai kai adadin da ake buƙata ba. Maitama Sule ne na biyu, Adamu Ciroma na uku. Maimakon a je zagaye na biyu, sai suka janye masa. Ya ɗauki Alex Ekwueme mataimaki, aka rantsar da su ranar 1 ga Oktoban 1979.

Kamannin a bayyane suke: rabon muƙamai tsakanin shiyyoyi, manya su zauna su daidaita, na baya ya janye wa na gaba. Bambancin ma a bayyane yake. Daliget sama da 2,000 ne suka halarci taron NPN, a ƙasa mai jihohi 19 wadda yawan jama'arta bai kai rabin na yau ba. Sannan sai da aka kaɗa ƙuri'a aka ga ƙarfin kowa kafin a janye. Shi kansa Shagari ya sha faɗa cewa kujerar Sanata ya so nema, abokan siyasa suka matsa masa. Kuma jam'iyyar ta fita yaƙin neman zaɓe da abubuwa biyu da kowane ɗan ƙauye zai iya riƙewa a ka: abinci da muhalli. Tambarinta gida ne da masara biyu. Daga nan aka samu shirin bunƙasa noma na gwamnatinsa da rukunin gidajen da har yau ake kira da sunansa a jihohi da dama.

Wannan ba wanke Jamhuriya ta Biyu ba ne. Faɗuwar farashin man fetur a kasuwar duniya, da badaƙalar shigo da shinkafa, da rikicin zaɓen 1983 duk suna cikin tarihinta, har sojoji suka kifar da ita ranar 31 ga Disamban 1983 suka ɗora Janar Buhari. Amma mai zaɓe na wancan lokaci ya san abin da aka yi masa alƙawari, don haka ya san inda aka saɓa. Shagari ya rasu ranar 28 ga Disamban 2018, aka binne shi a garinsu. Tsarin da ya fitar da shi yana nan, sai dai ya ƙara tsukewa kuma ya ƙara tsada.

Abin da ke damun masu ƙuri'a

Bodinga da Shagari suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega da Yawuri da Kwantagora. Yanki ne na manoman gero da dawa da wake da albasa, da makiyaya, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan da ke shiga birnin Sakkwato aiki. A ƙasar Bodinga ne Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato, a Bodinga kuma ƙanensa Abdullahi ya zauna, malamin da ya yi rubuce-rubuce a kan haƙƙin talakawa a wuyan shugaba. Tambayar mai mulki a kan amanar da ya ɗauka ba sabon darasi ba ne a wannan ƙasa.

Tsaro ne a kan gaba. A 2022, ƙananan hukumomin biyu ba su ne tsakiyar matsalar ba, amma Tureta da ke mazaɓa ɗaya da su tana iyaka da Zamfara, kuma abin da ya faru a gabashin jihar ya isa ya hana kowa barci. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar. A watan Oktoba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka mutu. A watan Disamba aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Ɗan kasuwar da ke saro kaya ko dabbobi daga waɗancan kasuwanni ya san abin da rufe kasuwa ɗaya ke yi wa jarinsa. A matakin ƙasa kuma, fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris suna hannun 'yan bindiga a lokacin da ake tarukan jam'iyyun, kuma ranar Lahadi 5 ga Yuni, kwana biyu kafin APC ta fara kaɗa ƙuri'a, aka kashe masu ibada a wata coci a Owo ta Jihar Ondo.

Na biyu shi ne taki. Tarukan sun faɗo daidai farkon damina, lokacin da manomi ke lissafin buhu nawa zai iya saye. Shirin taki na fadar shugaban ƙasa ya fara da buhun NPK a kan Naira 5,500 a 2017. A 2022 farashin ya ninka wannan sau da dama, kuma yaƙin Rasha da Yukren ya ƙara dagula lamarin, domin daga Rasha ake sayo wani ɓangare na sinadaran da ake haɗa takin da su, har sai da aka nemi na gaggawa daga Kanada. An ƙaddamar da katafaren kamfanin takin Dangote a Legas a watan Maris na 2022, amma a lokacin ɗan ƙauye bai ga sauƙi a kasuwa ba. Manomin da ya rage taki a watan Yuni, shi da mai sayen hatsi a birni za su ga sakamakon a kaka.

Na uku tsadar rayuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 16.82 cikin 100 a watan Afrilun 2022, alhali a lokacin mafi ƙarancin albashi yana inda aka bar shi tun 2019. Rahoton hukumar na 2020 ya sa Sakkwato a kan gaba wajen talauci da kashi 87.73 cikin 100, a lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 40.1. Gwamnatin Tarayya kuma ta ware Naira tiriliyan 4 domin tallafin fetur a 2022 kaɗai. A lokacin, duk wanda ya ci zaɓe sai ya yanke shawara a kan wannan tallafi, kuma nisan Sakkwato daga tashoshin ruwan Legas yana nufin duk ƙarin da aka yi zai fi zafi a nan.

Na huɗu ilimi. Malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, kuma a lokacin tarukan ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna cikin wata na huɗu a zaune a gida. A daidai wannan lokaci ne wasu ministoci suka sayi fom na miliyan 100, ciki har da ƙaramin ministan ilimi na lokacin, Emeka Nwajiuba.

Waɗannan batutuwa ba su ne suka yanke hukunci a Abuja ba. Muhawarar da aka yi ita ce ta Kudu ko Arewa, da wane gwamna ke tare da wa. Ba abin mamaki ba ne, domin ɗan takara yana magana ne da wanda ke riƙe da ƙuri'a, kuma a watan Mayu da Yuni daliget ne ke riƙe da ita.

Zaɓin da ya rage

Bayan tarukan, ƙuri'ar ta dawo hannun jama'a. Atiku ya gabatar da manufofi biyar da suka shafi haɗin kan ƙasa, tsaro, tattalin arziki, ilimi da sake fasalin ƙasa. Ya kamata a tambaye shi me miƙa ƙarin iko ga jihohi ke nufi ga jiha irin Sakkwato da ta dogara da kason da ke zuwa daga Abuja. A 2022 Tinubu yana tinƙaho da abin da ya yi a Legas daga 1999 zuwa 2007, amma tutar jam'iyyar da ta shekara bakwai a kan mulki yake ɗauke da ita, kuma dole ya faɗi abin da zai yi daban a kan 'yan bindiga. A lokacin, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP da Peter Obi na jam'iyyar Labour, waɗanda dukkansu suka fice daga PDP kafin taronta kuma suka samu tikiti ba tare da wata fafatawa ta a-zo-a-gani ba, suna da aikin nuna cewa suna da mutanen da za su tsaya musu a rumfunan zaɓe na ƙauyuka.

Sakkwato ba jihar da wani zai ce ta zama tasa ba ce. A 2019 ta ba Buhari rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, sannan ta ba Tambuwal na PDP kujerar gwamna da tazarar ƙuri'a 342 kacal bayan zaɓen cike giɓi. Wannan tazara ba ta kai yawan masu rajista a rumfar zaɓe guda ba a wurare da dama. A 2022, da Sanata Aliyu Magatakarda Wamakko a gefen APC, Tambuwal kuma a gefen PDP, da 'yan takarar gwamna Ahmed Aliyu da Sa'idu Umar, babu ɓangaren da zai iya yin sakaci da Bodinga ko Shagari. Wannan shi ne ƙarfin cinikin da masu zaɓe ke da shi a lokacin, in ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma da na ma'aikata suka haɗa buƙatunsu a rubuce tun kafin a buɗe yaƙin neman zaɓe ranar 28 ga Satumban 2022, suka nemi amsa a fili: jami'an tsaro nawa, a ina, taki a kan nawa, kuma a wane wata.

Akwai kuma aiki mai tsawo. Daliget ana fitar da su ne daga mazaɓu, kuma shugabannin mazaɓu ana zaɓarsu ne a tarukan da akasarin ma'aikata da 'yan kasuwa ba sa halarta, saboda suna ganin harkar 'yan siyasa ce. Muddin haka ta ci gaba, mutum takwas ɗin nan za su ci gaba da fitowa daga aljihu ɗaya ko biyu, ko an gyara sashe na 84 ko ba a gyara ba.

A lokacin akwai ranaku biyu a gaba. Ranar 17 ga Yunin 2022 ce ƙarshen wa'adin miƙa wa INEC sunayen 'yan takarar shugaban ƙasa da mataimakansu, kuma daga nan aka fara ganin wanda aka saka wa da wanda aka bari. Ranar 30 ga Yunin 2022 kuma hukumar ta ce za ta dakatar da rajistar masu zaɓe. A 2019, kusan kashi 35 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fito zaɓen shugaban ƙasa. Matashin Bodinga ko Shagari da ya cika shekara 18 bayan wancan zaɓe, in bai yi rajista kafin a rufe ba, ba shi da ta cewa a watan Fabrairun 2023.